Timanfaya a tsibirin Lanzarote: kuɗin tikitin ya halatta, amma kar ka tsaya a bas kaɗai

Duk wanda yake shirin zuwa Timanfaya, gandun duwatsu masu aman wuta, da tunanin zai ga jan narkakken dutse yana kwarara kaman yanda ake nunawa a bidiyo, to tun yanzu ya cire wannan daga ransa, babu shi. Dutsen nan rabonsa da aman wuta tun shekarar 1824. Abun da za ka gani shi ne abun da wutar ta bari bayan ta gama ɓarnarta, wato daskararren aman dutse baƙi ƙirin shimfiɗe iya ganinka, da tsaunuka jajaye masu buɗaɗɗen baki, da ƙasar da har gobe in ka tona ta kaɗan zafinta zai ƙona maka hannu. Ni dai wannan ɗin ma ya ishe ni, wallahi ya fi ƙarfin abun da na zata.

Wurin yana tsibirin Lanzarote ne, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, duk da cewa a taswira ya fi kusa da gaɓar Maroko nesa ba kusa ba. Don haka bizar Shengen ake shiga da ita, kuɗinsu kuma yuro. A 1974 gwamnatin Sifaniya ta mayar da shi gandun ƙasa mai kariya, faɗinsa murabba'in kilomita 51 da ɗan ɗoriya. Daga filin jirgin Arrecife, babban birnin tsibirin, tafiyar kaman rabin awa ce a mota, ka bi ta garin Yaiza ka hau titin LZ-67, kuma tun a wannan titin kallo yake farawa, don kwalta ce siririya aka ratsa ta tsakiyar baƙin dutse, hagu da dama babu gida babu bishiya babu ko turken wutar lantarki. Bas ɗin haya na cikin gari ba ya kai mutum ƙofar wurin, sai dai ka ɗauki hayar mota ka tuƙa da kanka, ko tasi, ko ka bi kamfanonin yawon buɗe ido. Shawarata ka ɗauki mota da kanka, zan faɗi dalili a gaba.

Maganar lokaci tana da muhimmanci sosai. Je da sassafe, ka kasance cikin na farko da za a buɗe wa ƙofa. Wurin ajiye motoci na can sama ƙarami ne, in ya cika sai a riƙe sauran motoci a ƙasa har wasu su fito, shi ya sa da hantsi ya ɗaga za ka ga layin motoci ya miƙe a kan titi, mutane zaune cikin rana da yara suna ta kuka. Lokacin da muke fitowa na ga layin da idona, gaskiya na tausaya musu. Tikitin babba wajen yuro 20 da wani abu ne, na yara ya fi sauƙi, kuma kuɗin bas ɗin zagaye yana ciki. Ka duba shafinsu na intanet kafin ka taso saboda farashi da lokacin buɗewa suna canzawa.

Inda ake ajiye mota sunansa Islote de Hilario, nan ne zafin ƙasa ya fi fitowa fili. Ma'aikatan wurin suna tara mutane rukuni-rukuni su nuna musu abu uku. Na farko wani ya sa shebur ya ɗebo jar tsakuwa daga nan inda muke tsaye, ba wani rami mai zurfi ya tona ba, ya bi mu yana zuba wa kowa kaɗan a tafin hannu. Na karɓa ina ganin ai tsakuwa ce kawai, kafin in ƙirga uku na fara juya ta daga wannan hannu zuwa wancan, wata tsohuwa Bajamushiya a gefena ta watsar da tata tana yarfe hannu tana dariya. Na biyu ya ɗauko busasshiyar ƙaya da dogon ƙarfe ya cusa ta cikin wani rami, babu ashana babu fetur, aka ɗan yi shiru, sai hayaƙi, sai kawai wuta ta kama bal-bal. Na uku shi ne wanda ya fi razana mutane. Akwai bututun ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, ya zuba ruwa kaɗan ya ja baya, sannan ya juye sauran bokitin gaba ɗaya, bayan daƙiƙa biyu zuwa uku sai fuuu, tururi ya yi tsiri sama da wata irin ƙara, duk da an gaya maka zai faru sai ka zabura. Bayanin da suke bayarwa shi ne a zurfin mita 13 zafin yana kaiwa wajen digiri 600, saboda akwai ragowar narkakken dutse can ƙasa da bai gama hucewa ba har yau, kusan shekara 300 ke nan. Subhanallah. Kana tsaye kana jin ɗumin yana ratso tafin takalminka.

Daga nan sai bas. Zagayen kilomita 14 ne, yana ɗaukar minti 35 zuwa 40, hanya ce siririya mai bi ɗaya da aka yi ta da kwalta mai launin ƙasar wurin yanda daga nesa ba ka ma gane akwai titi. Ba a yarda kowa ya shiga da motarsa ba, kuma ba a sauka daga bas ɗin ko sau ɗaya, direba zai tsaya a wuraren da suka fi kyau ka ɗauki hoto ta gilashi ya wuce. Direbobin nan na jinjina musu, akwai kwanar da za ka leƙa ta taga ka ga babu komai tsakaninka da ramin bakin dutse sai iska, amma mutumin yana juya sitiyari hankalinsa kwance. Akwai inda hanyar ta ratsa ta cikin wani kwararo da narkakken dutsen ya bi da, rufinsa ya rufta, bango hagu da dama duk alamun ɗiga da suka daskare a yanda suke. Akwai kuma wani kwari da toka ta lulluɓe shi sumul, ja da ruwan ƙasa da baƙi da ɗan rawaya, babu sawun ko tsuntsu a kai. Mafi yawan filin kuwa kaman gonar da aka yi wa huɗa da wata ƙatuwar garma sannan aka banka mata wuta, tudu da kwari, tsini ko'ina, in aka ce ka taka da ƙafa ko mita goma ba za ka yi ba sai takalmin ya yage.

Sifikar bas ɗin tana bayani da Sifaniyanci da Turanci da Jamusanci, ɗaya bayan ɗaya, kuma abun da ya fi taɓa ni a ciki shi ne labarin mutanen da suke zaune a wurin. Don kafin 1730 nan ba kufai ba ne, yankin nan yana cikin mafi albarkar ƙasar noma a tsibirin, hatsi ake nomawa, akwai ƙauyuka da dabbobi da rijiyoyin tara ruwan sama. Limamin cocin Yaiza na wancan lokacin, Andrés Lorenzo Curbelo, ya rubuta abun da ya gani, cewa ranar 1 ga Satumba 1730 tsakanin ƙarfe tara da goma na dare ƙasa ta tsage kusa da ƙauyen Timanfaya, wani tsauni ya taso a daren. Ya ba da labarin dabbobin da suka faɗi matattu saboda gurɓatacciyar iskar da ke fitowa, da matattun kifaye da teku ya yi ta turowa gaɓa. Abun bai tsaya ba sai 1736, shekara shida ana abu ɗaya, wannan baki ya rufe wancan ya buɗe, har aman ya rufe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsibirin. Ƙauyuka irin su Santa Catalina da Tingafa da Maretas da ita kanta Timanfaya duk suna ƙarƙashin dutsen da bas yake bi ta kai. Mutane sun samu sun gudu da ransu, amma gona ta tafi, gida ya tafi, yunwa ta shigo, da yawa suka bar tsibirin zuwa Gran Canaria da sauran wurare. Tunda na ji wannan sai kallon ya canza min, na daina ɗaga waya kowane minti, ina ta tunanin magidancin da ya tsaya daga nesa yana kallon gonar da ya gada tana shigewa ƙarƙashin wuta kuma ya san ko jikokinsa ba za su sake shuka komai a wurin ba.

To maganar hana sauka daga bas, na ji mutane da dama suna ƙorafi a kai, wani a bayana har yana cewa wai an kawo mu kallo ta taga. Na fahimce shi, hoto ta gilashi ba ya yin kyau, hasken rana yana dawowa, kuma in ka samu kujerar da ba ta gefen taga ba sai ka yi ta leƙe ta kafaɗar wani. Amma ni ina bayan wannan dokar ɗari bisa ɗari. Ruwan saman da ake samu a Lanzarote bai kai milimita 200 a shekara ba, shi ya sa wurin yake nan kaman jiya aka yi abun, kuma shi ya sa in mutum ya taka tokar nan sawunsa zai daɗe ƙwarai bai goge ba. Ɗan abun da ya fara tsirowa a kan dutsen, wata irin gansakuka ce fara-fara da rawaya da take manne a jiki, shekaru masu yawa take ɗauka kafin ta rufe wurin da bai fi tafin hannu ba, kuma ita ce take fara narkar da dutsen ya zama ƙasar da wani tsiro zai iya kamawa. Yanzu a saki dubban mutane kullum su yi ta tattakawa suna cusa duwatsu a aljihu, shekara nawa wurin zai yi? Ɗaukar dutse ma haramun ne a dokar wurin, ko ƙarami. Dabarar hoto kawai ita ce ka manna wayar a jikin gilashin, ka kashe filasha, ka sa kaya masu duhu.

A nan Islote de Hilario ɗin akwai gidan abinci mai suna El Diablo, wanda César Manrique ya tsara aka gina a 1970. Manrique ɗan tsibirin ne, mai zane, an haife shi a 1919 ya rasu a 1992, kuma duk inda ka juya a Lanzarote za ka ga hannunsa, shi ne ya yi ta faɗa kar a cika tsibirin da dogayen benaye da allunan talla. Shi ya zana alamar gandun ma, wani ɗan shaiɗan riƙe da mashi mai yatsu da za ka gani a bakin hanya, ni dai alamar ba ta burge ni ba ko kaɗan amma ginin kam ya yi. Zagayayye ne, da dutsen wurin da ƙarfe da gilashi aka yi shi saboda zafin ƙasa, kana zaune kana ganin tsaunukan ta kowane gefe har teku can nesa, fitilun rufin kuma da kaskon suya aka yi su. A tsakiya akwai busasshen ɓaure cikin gilashi, tunawa da labarin da suke bayarwa na wani mutum Hilario da ya zauna a wurin shi kaɗai da raƙuminsa ya dasa ɓauren da bai taɓa yin 'ya'ya ba. Wurin gashin nasu kowa zai iya shiga ya leƙa kyauta, rijiya ce aka ɗora mata ragar ƙarfe a baki, babu gawayi babu gas, zafin da yake tasowa daga ƙasa shi yake gasa kaji. In ka miƙa fuska saman ramin iska mai zafi za ta buge ka ka ja baya. Raga ɗaya ce ake jera nama kala-kala a kai, don haka mai kiyaye abun da yake ci ya tambaya kafin ya yi oda. Ni kifi na ci da ƙananan dankalin nan nasu da ake dafawa da gishiri har bayansu ya yamutse, da miyar mojo ja da koriya. Abincin lafiya lau, farashinsa na wurin 'yan yawon buɗe ido ne, wanda bai son kashe kuɗi ya sha kofi kusa da taga ya ishe shi.

Hawan raƙumi yana can gefen titi kafin ka iso ƙofa in ka taso daga Yaiza, kuɗinsa daban. Mutum biyu ake ɗorawa, ɗaya kowane gefe a kujerar katako, in wani ya fi wani nauyi a ƙara buhun yashi, a zaga gefen tsauni kaman minti 20 a dawo. Yara suna so. Ni ban ga abun da ya ƙara min ba, sai dai ɗan ɗakin tarihin da ke wurin ya nuna yanda raƙuman da aka kawo daga Afirka suka yi ɗaruruwan shekaru suna huɗa da dako a tsibirin, wannan ya fi hawan amfani.

Yanzu ga dalilin da na ce ka zo da motarka. Bas ɗin zai nuna maka wurin amma ba zai bari ka ji shi a jikinka ba, kuma mafi yawan masu zuwa da kamfani daga bas sai otal. Wani kamfanin da muka fara tambaya ma cewa suka yi wai za mu taka dutsen da ƙafa, da muka matsa da tambaya ashe tsayuwar wurin ajiye motoci suke nufi, mutum ya yi hattara da irin wannan tallar. Alhali kuwa mintuna kaɗan daga gandun, a kan titin LZ-56, akwai Caldera de los Cuervos, bakin da ya fara buɗewa a daren nan na 1730, kuma shiga kyauta ne. Ka ajiye mota ka bi hanyar ƙafa da aka shata da duwatsu, zagayen duka wajen kilomita 4 ne, shimfiɗaɗɗiya, har tsofaffi na gani suna yi. Tsakuwar tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa, iska tana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, sannan ka iso wata ɓaraka a jikin tsaunin inda narkakken dutsen ya fasa ya fita, ka gangara ta nan ka tsinci kanka a cikin cikin dutsen. Da shigarka iskar take ɗaukewa ɗif. Bango ya kewaye ka ja da baƙi da shunayya, in ka ɗauki dutse ɗaya ka duba za ka ji shi sakayau duk ƙofofi saboda iskar da ta fita daga jikinsa lokacin da yake tafasa, wasu kuma da ƙananan ƙwayoyi koraye masu ƙyalli a ciki, ka duba ka mayar inda ka ɗauka. A hanyar ne kuma na ga bambancin aman kala biyu da kyau, mai tsini da kaifi wanda ya farfashe, da mai santsi wanda ya nannaɗe ya yi tufka-tufka saboda samansa ya fara daskarewa cikinsa yana ci gaba da tafiya. Wannan awa ɗaya da 'yan mintuna, gaskiya ta fi min zagayen bas, amma kuma ba don bas ɗin ba da ban gane girman abun da nake tsaye a ciki ba, su biyun tare suke tafiya.

Cibiyar baƙi ta Mancha Blanca ita ma kyauta ce, akwai bayanin yanda tsibiran Kanari suka samu da na'urorin da ake sa ido a kan motsin ƙasa, don yankin nan bai mutu ba, a 2021 ma tsibirin La Palma ya yi aman wuta kusan wata uku ya ci gidaje masu yawa. Hukumar gandun tana da wata tafiyar ƙafa da jagora a cikin gandun kansa, Tremesana, kyauta amma mutane kaɗan ake ɗauka kuma sai ka yi rajista ta intanet tun da wuri don gurbin yana ƙarewa da sauri. Hukumar sararin samaniya ta Turai ma tana kawo 'yan sama jannatinta Lanzarote su koyi nazarin duwatsu saboda kamannin wurin da duniyar wata da Mas.

In za ka koma ka bi ta La Geria, a nan ne za ka ga abun da jikokin mutanen can suka yi da tokar da ta cinye musu gonaki. Sun gano cewa baƙar tsakuwar tana shan raɓar dare ta riƙe danshi ta hana rana busar da ƙasar da ke ƙarƙashi, sai suka riƙa haƙa rami mai faɗin baki har su tarar da tsohuwar ƙasar noma, su dasa inabi ɗaya ko ɓaure a tsakiya, su gina ɗan bangon dutse rabin da'ira ta gefen da iska take bugowa. Ramuka dubbai, kowanne da ɗan koren ganyensa a tsakiyar baƙi, tun daga bakin titi har kan tsauni, kuma duk aikin hannu ne don babu taraktar da za ta shiga nan. Na tsayar da mota na daɗe ina kallon wani dattijo can cikin rami yana kwashe tsakuwar da iska ta turo kan itacensa.

Kayan da za ka riƙe ba su da yawa, rufaffen takalmi mai kaurin ƙasa, silifa ba za ta yi ba sam, ruwan sha, hula mai igiya ko wadda iska ba za ta ɗauke ba, da 'yar rigar sanyi ko da rana ake ƙwallawa don iskar can sama tana shiga jiki. Babu inuwa ko ɗaya a hanyar Cuervos, kuma babu banɗaki, ka gama uzurinka tun a Islote de Hilario ko Mancha Blanca. Mai jin jiri in ya kalli ƙasa daga sama ya zauna kujerar tsakiya a bas. Ka ware wa yankin yini guda cur, gandun da safe, Cuervos kafin rana ta take, La Geria da yamma.